Gaskiya ko Jita-jita: Ravi Shankar, Makaɗin da Aka Ɗauki Labarinsa Daga Tsakiya

Da Ravi Shankar ya rasu ranar 11 ga Disamba, 2012, a San Diego ta jihar Kalifoniya a Amurka, yana da shekara 92, kafofin labarai da yawa sun gabatar da shi da abu guda: Ba'indiyen da ya koya wa George Harrison na ƙungiyar Beatles kaɗa sitar. Haka ne, ya koya masa. Sai dai shekararsa 46 a duniya kafin ya taɓa yin ido biyu da Harrison, kuma ya ƙara wasu 46 bayan haɗuwar tasu. 'Yan shekarun nan na tsakiya, daga 1966 zuwa 1971, su ne suka danne sauran, kuma a cikinsu ne mafi yawan maganganun da ake yi a kansa ba daidai ba suka tsiro. Mai son sanin mutumin sai ya koma baya, zuwa wani ƙaramin gari mai suna Maihar a tsakiyar Indiya, inda wani dattijo Musulmi mai zafin rai ya zaunar da shi shekara da shekaru yana ɗora masa karatu.

Kafin mu isa Maihar, akwai rikicin suna, wanda mu ya fi shafa.

"Shi ne mai kiɗan fina-finan Indiyan da muka sani"

Kunnen Bahaushe ya daɗe da sanin amon sitar. Tun zamanin da gidajen sinima na Kano da Kaduna da Zariya suke cika maƙil idan an sa fim ɗin Indiya, amon nan yana ratsa tsakanin baitocin waƙa har mutane suka saba da shi ko ba su san sunan abin kiɗan ba. Shi ya sa da an ce Ravi Shankar mai sitar, sai mutum ya ɗauka shi ne ya yi waƙoƙin da ya tashi yana ji. Galibi ba shi ba ne. Akwai wani Ravi Shankar Sharma, wanda ake rubuta sunansa Ravi kawai a farkon fim. Shi ya tsara kiɗan Chaudhvin Ka Chand na 1960 da Waqt na 1965 da Nikaah na 1982. Shi ma a 2012 ya rasu, cikin watan Maris, abin da ya ƙara rikita mutane. Akwai Shankar na abokan aikin nan biyu, Shankar da Jaikishan, masu kiɗan fina-finan Raj Kapoor irin su Awaara da Shree 420 da Sangam. Ga kuma Sri Sri Ravi Shankar, mai dogon gashi da gemu, wanda aka haifa a 1956, jagoran ƙungiyar Art of Living. Babu wanda ya haɗa jini da mai sitar a cikinsu.

Shi kansa ya taɓa aikin fim, amma ba can ya yi gida ba. Shi ya yi kiɗan fina-finai uku na Satyajit Ray da harshen Bengali: Pather Panchali a 1955, Aparajito a 1956, da Apur Sansar a 1959. A fina-finan Hindi akwai hannunsa a Anuradha na 1960 da Meera na 1979. A 1982 shi da George Fenton suka yi kiɗan fim ɗin Gandhi, har aka sa sunansu cikin masu takarar lambar Oscar.

Ainihin sana'arsa wani abu ne daban da waƙar fim mai minti biyar. A kiɗan gargajiya na arewacin Indiya, makaɗi yana zama ne ya ɗauki abin da suke kira raga. Raga ba waƙa ba ce da aka haddace. Tsari ne na sautuka: waɗanne ake hawa da su, waɗanne ake sauka da su, wanne ake daɗewa a kansa, wanne ake shafa a wuce, har da lokacin da ya dace a kaɗa ta, domin ta asuba daban, ta faɗuwar rana daban, ta damina daban. Yana farawa da alap, a hankali, babu ganga, yana buɗe sautukan ɗaya bayan ɗaya. Sai ya shiga jor, inda bugu ya fara bayyana, sai jhala mai sauri. Daga nan mai tabla, wato tagwayen gangunan nan na hannu, ya shigo, su kama wani zagayen bugu da ake kira tala, wani mai bugu 16, wani 10, wani 7. Raga ɗaya tana iya cin sa'a guda ko fiye, kuma mafi yawan abin da ake ji a nan take makaɗin yake ƙirƙirarsa, a cikin ƙa'idojin da ya shekara yana koyo.

"Da sitar a hannu aka haife shi"

Wannan jita-jita ce tsagwaronta, kuma gaskiyar ta fi ta daɗin ji. An haife shi ranar 7 ga Afrilu, 1920, a Banaras, birnin da ake kira Varanasi yanzu, a gidan mutanen Bengal. Mahaifinsa, Shyam Shankar Chowdhury, lauya ne da ya yi wa sarkin Jhalawar waziri, ya bar iyalin ya tafi Landan, yaron bai san shi ba sai da ya yi wayo. Ba gidan makaɗa ba ne. Wanda ya ja shi cikin harkar shi ne yayansa Uday Shankar, shahararren ɗan rawa. A 1930, yana ɗan shekara goma, Ravi ya bi Uday zuwa Faris, ya shiga ƙungiyarsa, ya yi ta yawon Turai da Amurka yana taka rawa. Ya iya Faransanci, ya saba da otal-otal da kwat da sinima. Yana ɗan taɓa kayan kiɗa iri-iri, amma a matsayin ɗan rawa aka san shi.

A 1935 Uday ya shawo kan Sarkin Maihar ya ba shi aron babban makaɗin fadarsa, Ustad Allauddin Khan, wanda kowa yake kira Baba, domin ya bi su yawon Turai na shekara guda. Shankar ya ba da labari a littafinsa My Music, My Life na 1968 cewa a tashar jirgin ruwa ta Bombay mahaifiyarsa ta kama hannunsa ta sa a hannun Baba, ta ce ga amana. Ba ta daɗe ba bayan wannan ta rasu. A kan hanya Baba ya fara ɗora masa darasi, amma ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye cewa mai tsalle daga wannan abu zuwa wancan ba ya zama makaɗi; in da gaske yake, ya bar rawa da ƙyale-ƙyalen Turai ya zo Maihar.

A 1938 ya je, da kai a aske da tufafi marasa ado. Zama ne na almajirci irin wanda muka sani a zauren malam: ka tare kusa da gidan malami, ka yi masa hidima, ya ba ka karatu gwargwadon abin da ya ga za ka iya ɗauka, da baki, ba daga takarda ba. Tashi tun kafin asuba, maimaita hawa da saukar sautuka sa'o'i da yawa, har tsirkiyar ƙarfe ta yi wa yatsu biyu na hagu tsagi mai kanta. Yaron da ya saba da fitilun Faris ya koma kwana a ɗakin da sauro da kunamu suke yawo. An san Baba da faɗa, yana dukan almajirai, kuma ɗansa na cikinsa, Ali Akbar Khan, ya fi kowa shan wannan horo. Shankar ya ce shi dai Baba bai taɓa ɗaga masa hannu ba. Sau ɗaya ne, da ya kasa fitar da wani darasi, Baba ya daka masa tsawa ya ce ya je ya sayi awarwaro ya sa, tun da hannunsa ba ƙwari. Ran saurayi ya ɓaci, ya ɗaure kaya ya nufi tashar jirgin ƙasa. Ali Akbar ne ya bi shi ya lallaso shi, Baba kuma ya tuna masa da amanar da mahaifiyarsa ta bari. Ya kwance kayan, ya zauna har 1944. Wasansa na farko da sitar a gaban jama'a a Allahabad aka yi shi, cikin Disambar 1939, shi da Ali Akbar mai sarod, wani abin kiɗa mai tsirkiya.

Ni dai wannan zama na Maihar nake gani shi ne ƙashin bayan duk abin da ya biyo baya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin da duniya ta juyo ta dube shi, ya riga ya yi fiye da shekara 25 yana wannan aiki.

"Kiɗan bautar Hindu ne zalla"

Rabin gaskiya ce, rabin da ya rage kuma yana da nauyi. Ba a musun cewa tsohon salon waƙar dhrupad yana da jijiya a waƙoƙin ibada na Hindu, kuma Shankar ɗan gidan Brahmin ne da yake ɗaukar kiɗansa a matsayin wani ɓangare na ibadarsa. Amma kiɗan arewacin Indiya, wanda ake kira Hindustani, a fadojin sarakuna ya girma, da yawansu Musulmi. Tansen, wanda makaɗan wannan fanni suke ɗauka kakansu, a fadar Sarki Akbar ya yi zamani a ƙarni na 16. Shi kansa Baba a Rampur ya yi karatu, wurin Wazir Khan, wanda ake danganta zuriyarsa da Tansen. Ka duba manyan sunaye na ƙarni na 20: Bismillah Khan mai algaitar shehnai, Bade Ghulam Ali Khan mawaƙi, Vilayat Khan mai sitar, Amjad Ali Khan mai sarod, Alla Rakha mai tabla da ɗansa Zakir Hussain. Al'ada ce a kira gwani Musulmi Ustad, a kira gwani Bahindu Pandit, kuma sau da yawa Pandit almajirin Ustad ne, kamar yadda ya kasance a nan.

Gidan Baba kansa ya nuna yadda abubuwa suka cakuɗu a wannan yanki. Musulmi ne mai sallah, an haife shi a ƙauyen Shibpur da ke cikin Bangladesh ta yanzu, ya sa wa gidansa na Maihar suna Madina Bhavan. Amma kuma an san shi da girmama haikalin Sharada da ke kan dutsen garin, abin da malaman Musulunci ba za su amince da shi ba, sai dai haka tarihinsa yake, ba a kuma gyara tarihi don ya yi wa mai karatu daɗi. 'Yarsa Roshanara, Sarkin Maihar ne ya raɗa mata Annapurna, kuma ita ce Shankar ya aura a 1941.

Wata magana da ake yawan haɗawa da wannan ita ce wai sitar ya shekara dubbai, ko kuma wai Amir Khusrau, mawaƙin Delhi da ya rasu a 1325, shi ya ƙirƙire shi. Masu binciken tarihin kiɗa ba su sami sitar a rubuce-rubucen zamaninsa ba. Ambaton farko da aka tabbatar yana cikin bayanin Dargah Quli Khan game da Delhi, wajen 1739, a ƙarshen zamanin daular Mughal. Sitar bai kai shekara 300 ba da ɗaukar siffar da za a gane shi da ita, kuma ya ci gaba da sauyawa har zamanin Shankar. Jikinsa duma ne da aka fafe aka rufe da katako, da dogon wuya mai rami a ciki. A kan wuyan akwai lanƙwasassun ƙarafa wajen 20 da ake ɗaurewa da zare, ana iya matsar da su don su dace da ragar da za a kaɗa. Tsirkiyoyi shida ko bakwai ne a sama, waɗanda ake bugawa da wata 'yar lanƙwasasshiyar waya da ake sawa a manuniya. A ƙarƙashinsu akwai wasu 11 zuwa 13 da suke amsawa da kansu idan an taɓa sautin da ya dace da su, su ne suke ba shi wannan amo mai ja. Makaɗi yakan ja tsirkiya gefe a kan ƙarfe ɗaya ya fitar da sautuka huɗu ko biyar a jere ba tare da yankewa ba. Irin na Shankar yana da ƙarin ƙaramin duma a sama da tsirkiyoyi masu kauri don sauti mai zurfi, kuma Nodu Mullick na Kalkata ne ya daɗe yana haɗa masa.

"Beatles ne suka fito da shi, shi kuma ya fara kai kiɗan Indiya Turai"

Maganganu biyu ne masu karo da juna, kuma dukansu ba su tsaya ba. Ba shi ya fara ba. Inayat Khan, Basufe mai kaɗa vina, ya isa Amurka tun 1910. A 1955 Yehudi Menuhin, gwanin gogen Turawa da ya san Shankar a Delhi tun 1952, ya gayyace shi New York. Matsalolin gida suka hana shi tafiya, sai ya ba da sunan Ali Akbar Khan. Ali Akbar ne ya je ya yi wasa a gidan adana kayan fasaha na Museum of Modern Art, ya fito a talabijin ɗin Amurka, ya kuma naɗi babban faifan garmaho na farko na wannan kiɗa a can. Ganin karɓuwar da surukinsa ya samu ne ya sa Shankar ya ajiye aikinsa na shugaban sashen kiɗa a gidan rediyon All India Radio, wanda ya riƙe daga 1949, ya fita yawon Ingila da Jamus da Amurka a 1956. A shekarar ya naɗi faifansa Three Ragas a Landan.

Shekara goma cif ya yi yana wannan yawo kafin Harrison. A 1965 John Coltrane, ɗaya daga manyan makaɗan jazz na Amurka, ya raɗa wa ɗansa suna Ravi saboda shi. A shekarar ce kuma Philip Glass ya yi aiki da shi a Faris kan kiɗan fim ɗin Chappaqua, haɗuwar da Glass ya sha faɗa cewa ta sauya masa tunani a kan bugu da lokaci. Wanda ake raɗa wa yara sunansa ba za a ce ba a san shi ba.

Haka nan ba shi ya kaɗa sitar a waƙar Beatles mai suna Norwegian Wood ba, bai ma taɓa kaɗawa a wani faifai nasu ba. Harrison ne ya kaɗa da kansa a Oktobar 1965, da wani sitar mai araha da ya saya a wani kanti a Landan, watanni takwas kafin su haɗu a Yunin 1966. A Satumbar shekarar ya je Indiya ya yi mako shida, kuma yawancin maimaicin darasi a hannun wani almajirin Shankar, Shambhu Das, ya yi shi. Zuwa 1968 Harrison ya gane da kansa cewa ba zai kai matsayin gwani ba, ya koma ga jitarsa. Abin da ya ɗore shi ne zumunci irin na uba da ɗa, har rasuwar Harrison a 2001. Abin da Beatles suka yi, wanda ba ƙarami ba ne, shi ne sun juyo da hankalin miliyoyin matasa zuwa ga mutumin da dama yana nan.

Wannan tururuwar matasa ita ta haifi zargin da ya fi ɓata masa rai: wai kiɗansa na 'yan shaye-shaye ne, wai sai an sha wiwi ake jin daɗinsa. Ya yi wasa a bikin Monterey a Yunin 1967 tare da Alla Rakha, jama'a suka miƙe suna tafi, amma da ya ga Jimi Hendrix ya cinna wa jitarsa wuta, 'yan ƙungiyar The Who kuma suna farfasa kayan kiɗansu, abin ya girgiza shi. A tarbiyyar Maihar ko tsallaka abin kiɗa ba a yi. Ya yi wasa a bikin Woodstock a Agustan 1969 cikin ruwan sama da taɓo, daga nan ya daina zuwa irin waɗannan bukukuwa. A hirarraki da kuma a kan dandamali ya yi ta roƙon masu sauraro su zo da hankalinsu garau, su bar shan taba yayin da yake kiɗa. Wannan ya rage masa 'yan kallo na wani lokaci, bai kuma janye ba.

Akwai gyara kuma a kan babban taron kiɗan tallafa wa Bangladesh na ranar 1 ga Agusta, 1971, a Madison Square Garden na New York, wanda ake yawan jingina wa Harrison shi kaɗai. Shawarar daga Shankar ta fito. Yaƙi a Gabashin Pakistan, wato Bangladesh ta yanzu, ya koro mutane wajen miliyan 10 zuwa Indiya, kuma yankin nan ne mahaifar malaminsa da ta kakanninsa. Ya kai wa Harrison kuka, Harrison ya faɗaɗa abin ya kira Bob Dylan da Eric Clapton da Ringo Starr. Mutum 40,000 suka halarci wasanni biyu na ranar, aka tara kusan dala 243,000 aka miƙa wa UNICEF. Shankar da Ali Akbar Khan da Alla Rakha ne suka buɗe. A nan ne jama'a suka ɓarke da tafi bayan sun gama saita tsirkiyoyi, suna zaton an gama kiɗan farko, Shankar ya ce musu tun da saitin ma ya burge su haka, yana fatan kiɗan zai fi.

A gida Indiya kuwa, wani zargin ne ya tarar: wai ya sayar da gado, ya gauraya kiɗan kakanni da na Turawa. Gaskiya ne ya yi faifan West Meets East da Menuhin, wanda ya ci lambar Grammy, ya kuma tsara kiɗan sitar da gungun makaɗan Turai, na farko da London Symphony Orchestra a ƙarƙashin André Previn a 1971, na biyu da Zubin Mehta a New York a 1981. Gaskiya ne kuma yakan taƙaita raga ga sababbin kunnuwa, ya tsaya ya yi bayani kafin ya fara. Amma waɗannan ayyuka bai taɓa kiran su kiɗan gargajiya ba, kuma a tarukan Kalkata da Delhi ya ci gaba da zaman dogon alap yadda aka koya masa. A ganina masu wannan zargi sun auna shi da abin da suka ji ana faɗa daga waje, ba da abin da yake kaɗawa a gabansu ba.

"Babu na biyunsa a sitar"

A shahara, babu. A gwaninta kuwa, masana wannan kiɗa a Indiya ba su taɓa haɗuwa a kan haka ba. Ustad Vilayat Khan, wanda ya rayu daga 1928 zuwa 2004, ɗan gado ne gaba da baya a sitar, ya kuma gina salon da ake kira gayaki, inda tsirkiya take bin lanƙwasar muryar mawaƙi. Mabiyansa har gobe suna cewa shi ne gaba. Ya ƙi karɓar lambobin yabo na gwamnatin Indiya a 1964 da 1968 da 2000, yana ganin ba a ba shi matsayin da ya cancanta ba. Akwai kuma Nikhil Banerjee, ɗan makarantar Maihar, da ya rasu a 1986 yana da shekara 54, wanda wasu suke fifita natsuwar kiɗansa a kan na su biyun.

Sunan da ya fi kowanne nauyi a wannan muhawara shi ne na matar Shankar ta fari. Yadda iyalin suke ba da labari, Baba ya ƙudura ba zai koya wa Annapurna kiɗa ba, saboda yayarta Jahanara ta sha wuya a gidan miji kan wannan dalili. Wata rana ya ji ƙaramar yarinyar tana gyara wa yayanta Ali Akbar darasi, sai ya sauya shawara. Ya ɗora ta a kan surbahar, wani babban ɗan'uwan sitar mai zurfin murya da wuyar sarrafawa. Bayan aure sun yi wasanni tare da mijinta, sannan ta janye daga dandamali gaba ɗaya. Ita ta bayyana daga baya cewa ta lura ba ya jin daɗi idan tafin da aka yi mata ya fi nasa, shi ya sa ta yi alkawarin barin wasa don ta ceci aurenta. Shi kuma ya musanta, ya ce ita ce ba ta son fuskantar jama'a. Auren bai tsira ba. Sun daɗe a rabe kafin a kammala saki a 1982, ɗansu Shubhendra kuma ya rasu a 1992. Ana yawan cewa daga labarinsu aka ɗauko fim ɗin Abhimaan na 1973, na Amitabh Bachchan da Jaya Bhaduri, wasu kuma suna jingina shi ga auren Kishore Kumar na fari. Fim dai fim ne, ba shaidar tarihi ba.

Abin da ba a jayayya a kansa shi ne abin da ta yi da shekarunta na kulle a wani bene a Mumbai, wato Bombay ta da, har rasuwarta a Oktobar 2018. Koyarwa ta yi. Hariprasad Chaurasia, wanda yake kan gaba a busa sarewar bansuri, almajirinta ne, haka Nityanand Haldipur, Nikhil Banerjee ma ya sha karatu a wurinta. Raina yana sosuwa duk lokacin da aka ba da tarihin Maihar aka ambace ta da matar Ravi Shankar kawai, alhali wani babban kaso na karatun Baba ta hannunta ya isa ga na baya.

"Shi ya koya wa Norah Jones waƙa"

A'a. 'Yarsa ce, an haife ta a 1979, amma a Texas ta tashi wurin mahaifiyarta Sue Jones, kuma shekaru da yawa na ƙuruciyarta ba sa tare da mahaifin sai daga baya suka daidaita. Jazz da fiyano ta karanta a makarantun Amurka. Wadda ta gaji sitar ita ce Anoushka, 'yar Sukanya Rajan, wadda aka haifa a 1981. Tun tana ƙarama ya zaunar da ita da ɗan sitar daidai tsawonta, ta fara wasa a gaban jama'a a Delhi a 1995 tana da shekara 13, kuma tare suka yi wasansa na ƙarshe a Long Beach ranar 4 ga Nuwamba, 2012.

Koyarwarsa ta wuce gida. Ya buɗe makarantar Kinnara a Bombay a 1962, ya yi mata reshe a Los Angeles a 1967, daga baya ya gina cibiya a unguwar Chanakyapuri ta Delhi. Kamar Baba, wanda ya yaye masu sarod da sarewa da goge, shi ma bai tsaya ga masu sitar ba. Vishwa Mohan Bhatt, da ya gyara jita ya mai da ita mohan vina har ya ci Grammy a 1994, almajirinsa ne. Haka Tarun Bhattacharya mai santur da Ronu Majumdar mai sarewa, ban da masu sitar irin su Kartick Kumar da Deepak Choudhury da Shubhendra Rao. Gwamnati ta naɗa shi ɗan majalisar dattawa ta Rajya Sabha daga 1986 zuwa 1992, ta kuma ba shi Bharat Ratna, lambar yabo mafi girma ta ƙasar, a 1999.

A cikin kiɗan kansa ma ya bar sauye-sauyen da yanzu ake ɗauka tamkar dama can haka suke. Ya ɗauko ragogi daga kudancin Indiya, irin su Kirwani da Charukeshi da Simhendramadhyamam, ya yi ta kaɗa su har suka zauna a arewa. Ya ƙirƙiri nasa, daga ciki akwai Parameshwari da Tilak Shyam da Jogeshwari, da Mohankauns da ya tsara bayan kisan Mahatma Gandhi a 1948. Ya kuma ɗaga darajar mai tabla, wanda a da yake zaune a gefe yana riƙe bugu kawai: ya riƙa ba Chatur Lal, daga baya Alla Rakha, fili su yi kiɗa su kaɗai a tsakiyar wasa, sannan a yi musayar tambaya da amsa tsakanin tsirkiya da ganga. Yau da wuya a je taron sitar ko sarod a tashi ba a yi wannan musaya ba.